Jar Jakar Minnatullah

Ottawa, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Abdulwasi'u Tela.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, Baba, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo Zinariya da duk maƙwabta na Rusaifa. Ga shi na rubuta da hannu kamar yadda kake so, tunda ka rantse ba ka sauraron saƙon murya. Zan ɗauki hotonta in tura wa Gwaggo, ita kuma ta kai a buga maka a takarda.

Mu nan lafiya lau. Uzair yana gaishe ka. Sanyi ya shigo da wuri bana. Jiya dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, jikarka Minnatullah ta fita tsakar gida ba hula, ta buɗe baki sama wai sai ta ɗanɗana. Shekararta takwas yanzu, kuma rigimarta irin ta Gwaggo ce sak.

Daga watan Janairu makarantarsu za ta riƙa kai su wani tsauni duk ranar Asabar, su koyi zamiya a kan ƙanƙara. Wasu dogayen faifai ake ɗaura musu a ƙafa, su gangaro daga sama. Kada hankalinka ya tashi, akwai malamai a tare da su. Mun samo mata takalmin wasan. Abin da ya rage shi ne jakar da za ta riƙa zuba shi, kuma sati biyu ke nan ina yawo kanti-kanti. Malamarsu ta ce a nemi wadda ake goyawa a baya don hannun yaro ya zama a sake, mai huji a ƙasa don ruwan ƙanƙara ya tsiyaye, kuma kada ta fi ƙarfin yarinya. Wadda ta yi mini kyau ta yi mata girma, in ta goya sai ka ga jaka tana tafiya da ƙafa biyu. Ƙaramar kuma zif ɗinta sai babba ya ja da ƙarfi. Ina tsaye ina jujjuya su sai na tuna shagonka na unguwar Jarwal a Makka, na yi dariya ni kaɗai. 'Yar mai ɗinkin jakar takalmi ta rasa jakar takalmi.

A gaishe da Yaya Nuru da iyalinsa in sun zo daga Jidda. A saka mu a addu'a.

'Yarka,
Saudat

*

Rusaifa, Makka, 23 ga Jimada Ula

Uwata Saudat,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki da amaryata ta ƙasar ƙanƙara. Takardarki ta iso. Zinariya ce ta karanta mini, don tabarau nawa ya ɓuya, kin san gidan nan ba a ajiye abu a same shi inda aka bari.

Akwai wurin da na ce ta tsaya ta maimaita. Kanti-kanti? Ina raye?

Shekara arba'in da ɗaya na yi a bakin keken ɗinkin nan a Jarwal, ba riga nake ɗinkawa ba, ba wando ba, jakar takalmi kawai. Alhaji ya zo ƙofar Harami ya cire takalminsa, ya zuba a jakata, ya ja mazagi, ya goya a baya, ya shiga da kwanciyar hankali. Na ɗinka wa mutanen Kano da Damagaram, na ɗinka wa Turkawa da mutanen Jawa. In aikin Hajji ya matso na yi ƙananan da ake zuba tsakuwar Muzdalifa, ke da Nuru kuna zaune a ƙasa kuna zura musu mazagi, Ummanku tana kawo mana shayi da burodin tamis mai zafi. Kina cin rabin tamis ɗin kafin ki zura goma. Allah ya jiƙan Ummanku.

Kuma kin san al'adar gidanmu. Duk ɗan da aka haifa mana, ranar da ya fara binmu Harami da ƙafarsa, da jakata a bayansa. Ke kin goya, Nuru ya goya, 'ya'yansa huɗu sun goya. Mutum ɗaya ce ta rage, wadda rabona da ita tun tana goye, shekarar da muka binne Ummanki. Yanzu ga dalili ya zo har gida, kina so ki kai wa mai kanti.

Ga abin da za ki yi. Ki tsayar da ita a kan farar takarda bayan la'asar, don ƙafa ta fi cika da yamma. Ki zagaye ƙafar da biro a tsaye, kada ki kwantar da shi. Ki sa tef ɗin awo a gefe ki ɗauki hoto. Sauran aikina ne. Yatsa biyu nake ƙarawa kowane gefe, ban taɓa kuskure ba. Huji kuma da malamar ta ce, zan buga ƙawanya biyu a ƙasa, halas, shi ke nan.

Keken yana nan a lungun falo. Zinariya ta lulluɓe shi da zane ta mayar da shi wurin ajiye fulas. Tun da aka rushe layinmu muka dawo Rusaifa sau uku kawai na taka shi. Watan jiya Nuru ya bi da ni ta Jarwal a mota, na ce ya tsaya in nuna masa inda ƙofar shago take. Wallahi na kasa. Otal ne mai gilashi tun daga ƙasa har sama, sai wani mai gadi da ya ce mu matsa da motar.

Kada ki sayi komai. Allah ya tsare ku, ya raba ku da sharrin sanyi.

Mahaifinki,
Abdulwasi'u

*

Ottawa, 18 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ciwon gwiwa? Wannan taki ce ke kaɗai, don Allah kada ki karanta wa Baba.

Ga hoton zanen ƙafar nan na turo, tunda ya nema. Amma Gwaggo, ki dubi hoto na biyu da kyau. Wannan shi ne takalmin. Na ajiye shi kusa da tukunyar da nake dafa shinkafa don ki gane girmansa. Roba ce mai tauri kamar bokiti, ba ya lanƙwasuwa, ya kai mata tsakiyar ƙwauri, ga ƙarafuna huɗu a jiki. Ƙafarta ƙarama ce amma takalmin ya ninka ta. In Baba ya bi awon ƙafa ya ƙara yatsa biyu, ko ɗaya ba zai shiga ba. Ki nuna masa hoton, ki lallaɓa shi ya bari. Ko kuma ya ɗinka mata ta makaranta, ta littattafai.

Gaskiyar magana ma na riga na saya. Washegarin da na aiko da takardata na samu wata shuɗiya daidai bayanta, mai wurin takalmi dama da hagu, da wurin hular kwano a tsakiya, zif ɗinta da babban zobe da za ta iya ja ko da safar hannu. Ban san labarin da na ba shi don ya yi dariya zai zama aiki ba.

Wani abu kuma. Takardarsa ta zo mini shafi shida. Da can shafi ɗaya yake cikawa da ƙananan rubutu kamar na malaman zaure. Yanzu kowane harafi ya kai ɗan yatsa, layin kuma yana gangarowa ƙasa. Tabarau ne da gaske ya ɓata?

Ki huta lafiya. Ina jiran amsarki.

Saudat

*

Rusaifa, 20 ga Disamba

Saudat,

Gaisuwarki ta iso, gwiwa tana nan yadda kika san ta, ita ma tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da jinkiri, wata guda ke nan ban samu kaina ba, kuma ubanki ne sila.

Kin tambaya, to zan faɗa miki, ko da zai yi fushi. Tabarau yana cikin aljihunsa. Idon ne. Na hagu ya tafi tun bayan Sallar layya, na dama kuma likita ya ce jijiyar ce take mutuwa a hankali, magani sai dai ya rage mata gudu. Ya hana ni faɗa miki, wai kina da nisa, damuwa kawai za ki yi. Fuskar mutum ba ya ganewa sai an yi magana. Kala mai ƙarfi ce kawai yake gani, musamman ja.

Na nuna masa hoton takalmin kamar yadda kika ce. Ya kai wayar har kan hancinsa, ya juya ta, ya ce ya gani. Bai ga komai ba, ya binti, 'yata. Na ce Yaya, abin nan ya kai tukunya. Ya ce ya ɗinka wa alhazan Buhara masu takalmi har gwiwa tun ban iya ɗaura zane ba, in rufe masa baki. Kin san shi. Na rufe.

Ya sa Nuru ya kai shi kasuwa ya zaɓo yadi da hannu, yana murzawa yana shinshinawa, ya ɗauko wani ja mai kauri da ruwa ba ya ratsawa. Aikin da da yake yi kafin shayi ya huce, kwana goma sha tara ya ɗauke shi. Ni ce mai zura allura. Da yatsa yake bin bakin yadin, ƙafa tana taka keke. Sau biyu allura ta huda shi, bai tsaya ba, sai da na ga jini a zare. Ya farke gefe ɗaya sau huɗu don wai layin ya karkace. Amma Saudat, in kin ji ƙarar keken nan da hantsi sai ki rantse muna Jarwal. Ranar farko ina kicin na ji ta, na tsaya da ludayi a hannu, ina jiran in ji muryar Ummanki tana kiran ku. Na yi kukana na share, na ce albasa ce.

Sai rubutun ciki, wanda yake yi wa kowace jakar yaran gidan nan da zare a ƙarƙashin baki. Da Larabci ya yi shi kamar kullum: wannan jikar Abdulwasi'u tela ce, Jarwal, Makka. Na ce Yaya, wace Jarwal? Gidan da babu shi? Ya ce shi tela ne na Jarwal, bai taɓa zama telan Rusaifa ba. Da ƙyar na sa ya ƙara lambar wayarsa a ƙasa. Ni na zana da alli, shi ya bi da zare. Wannan kaɗai kwana uku.

Da ya gama ya yanke zare, ya shafa keken, ya ce in mayar da fulas ɗina, shi ya gama. Na mayar.

Mukhtaru abokin mijinki da ya zo Umara zai taso jibi, na ba shi jakar da dabino da turaren wuta. Na san ba za ta shiga ba. Yadda za ki yi, wannan tsakaninki da ubanki ne, ni nawa na yi.

Allah ya ba mu alheri.

Gwaggonki Zinariya

*

Ottawa, 29 ga Disamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Saƙo ya iso hannun Mukhtaru. Jaka ta yi kyau ƙwarai, ɗinkin nan naka yana nan yadda na san shi. Ta yi daidai, takalmin ya shiga. Minnatullah ta yi murna, ta ce a gaishe da Jaddi, kakanta. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri.

'Yarka,
Saudat

*

Ottawa, 29 ga Disamba

Gwaggo,

Ta Baba na turo daban, ki karanta masa. Na yi masa ƙarya, Allah ya yafe mini. Ko bakin takalmin bai shiga ba. Na gwada ta kowace fuska har na ji tsoron kada in ɓarke ɗinkin.

Da na buɗe ledar ƙamshin gidanmu ya buge ni, man keke da turare. Na juya bakin na ga rubutun, haruffan sun hau sun sauka, wani wuri zaren ya bi ta kan ɗan'uwansa. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har Minnatullah ta tsorata. Ta tambaye ni me aka rubuta, na fassara mata da Turanci, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, Larabcin kuma sai na sallah. Laifina ne wannan. Na gaya mata irinta nake goyawa ina ƙarama, muna zuba takalmi in za mu shiga Harami. Daga nan na ninke jakar na sa a durowar da nake ajiye mayafin Umma.

Me ya sa ba ku gaya mini maganar idon ba tun da wuri? Shekara bakwai ina cewa baɗi, baɗi. Ina jin kunyar kaina.

Saudat

*

Rusaifa, 19 ga Rajab

Uwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Na ji daɗin takardarki, ko da yake gajera ce kamar ta mai bin jirgi. Alhamdu lillahi da ta shiga. Ki gaya mini, in an ja mazagi yatsa nawa ke raguwa a baki? In ya fi uku sai ki ƙulla igiyar ta ciki, kada ta riƙa dukan ta a baya in tana tafiya.

Kin ga rubutun ciki? Ban san ko kina tuna dalilinsa ba. Kina shekara shida, ana saura kwana biyar Arfa, Ummanki ta shiga da ke sallar la'asar. Aka sallame, jama'a suka taso, hannunki ya zame daga nata. Ta neme ki har muryarta ta dushe, sannan ta yanko da gudu zuwa shago. Da ta iso na dubi ƙafarta, babu takalmi. Yana cikin jaka a bayanta, ta manta ta sa, ta tako kwalta mai zafi tun daga Harami har Jarwal. Sati biyu tana ɗingishi.

Na rufe shago ke nan zan fita, sai ga wani dattijo ɗan Sudan, dogo, da ke a kafaɗarsa, kina cin biskit hankali kwance. Ya ce ya tambaye ki sunan ubanki kin ce Baba, ya tambayi unguwarku kin ce gida. Sai ya buɗe jakar bayanki ya ga sunana da na rubuta da biro don kada ta haɗu da ta 'ya'yan maƙwabta. Tun daga ranar na koma yi da zare, don biro yana gogewa. Ban san sunan mutumin nan ba, amma har yau ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Ki ɗauko mini hoton amaryata da jakar a bayanta a kan tsaunin nasu. Zinariya za ta gaya mini yadda ta yi, tunda har yanzu tabarau bai fito ba.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki

*

Rusaifa, 25 ga Janairu

Saudat,

Gaisuwa a taƙaice. Asirinki ya tonu, kuma ba ni na tona ba.

Yau bayan la'asar muna zaune, wayar ubanki ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka na sa a sifika. Mace ce, Larabcin mutanen Sham a bakinta. Ta ce sunanta Samah, tana aiki a gidan da ake saukar masu wasan ƙanƙara a can ƙasarku. Ta kira shi Ammu, wato Baffa, ta ce, "Kai ne Abdulwasi'u tela? Na ga rubutu, wai wannan jikarka ce."

Saudat, mutumin nan da sai na kama shi yake tashi, sai ga shi tsaye. Yana lalube da ƙafa yana neman takalminsa, yana cewa, "Tana ina? Riƙe mini hannunta, kada ki sake ta, ga ni nan zuwa." Zuwa ina, Yaya? Da ƙyar matar ta fahimtar da shi cewa jaka ce kawai ta tsinta da safe a ƙarƙashin benci tana shara, yara duk sun koma gida tun jiya lafiya. Ta ce ta buɗe tana neman suna, sai ta ga Larabci da zare, ta ga Makka. Ta ce shekararta tara a wurin ba ta taɓa tsintar abin da ya sa ta zauna ba sai yau.

Ya koma ya zauna. Sai telan ya motsa. Ya tambaye ta ko takalmin zamiyar yana ciki, kuma yatsa nawa ya rage a baki. Ta yi dariya, ba da mugunta ba, ita ba ta san komai ba. Ta ce ai wancan ko rabin ɗaya ba zai shiga nan ba, wani ɗan takalmi ne ruwan ƙasa a ciki, irin wanda yara ke zuwa da shi daga gida. Ya ce to me ya raba yarinya da takalminta na gida? Ta ce ai kowa sai ya cire a ɗakin shiga kafin ya sa na ƙanƙara. Ɗaki ne babba da bencina, takalma ɗari-ɗari a zube a ƙasa, na wannan ya shige na wancan, kullum sai an samu yaron da ke kuka ya rasa ƙafa ɗaya.

Ya jinjina kai. Sannan ya yi mata godiya, ya yi mata addu'a mai tsawo, har da Allah ya kawo ta Makka, ta ce amin tana shan majina. Na ba ta lambarki.

Tun da aka kashe wayar yana nan zaune inda na bar shi. Na kawo shayi ya sha rabi. Ban san ko fushi ne ko mene ne ba. Ki rubuto masa da kanki, kuma wannan karon ki rubuta abin da zan iya karantawa ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Zinariya

*

Ottawa, 26 ga Janairu

Baba,

Assalamu alaikum. Na durƙusa ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka. Na yi maka ƙarya. Takalmin zamiyar bai shiga ba, kuma tun kafin ka taɓa keke na riga na sayi wata a kanti. Na san maganar idonka, na matsa wa Gwaggo ne ta faɗa mini, kada ka ga laifinta. Na kasa ce maka aikin kwana goma sha tara bai yi ba, sai na ninke jakar na ɓoye a durowa. Ni a sanina tana can har jiya.

Ranar Asabar Minnatullah ta sauko daga motar makaranta da takalmin ƙanƙara a ƙafa, tana tafiya ƙwas-ƙwas, fuska duk hawaye. Ta ce takalminta na gida ya ɓata. Na yi mata faɗa sosai. Ta ƙi cin abinci, ni kuma ina mamakin wannan kuka haka a kan tsohon takalmi.

Jiya da Samah ta kira ni na je na buɗe durowa, babu jaka. Na zaunar da ita. Ashe tun Asabar ta farko da takalminta ya ɓace mata a cikin na yara ta sha wahalar nema, ta dawo ta ɗauki jakarka ba ta gaya mini ba. Kowane sati tana ninke ta a aljihun rigar sanyi. In sun isa ta cire na gida ta zuba, ta ja mazagi, ta rataye a ƙugiya. Ja ce, daga bakin ƙofa take hango ta. Ta ce har ƙawayenta biyu sun ce a tambayi kakanta ko zai yi musu. Wannan satin ne wani ya ture jakar ta faɗa ƙarƙashin benci, mota kuma tana shirin tashi.

Na ce me ya sa ba ki tambaye ni ba? Ta ce ta ga in na taɓa jakar kuka nake yi. Sannan ta ce, "Mama, ba ke kika ce ta takalmin da ake cirewa a bakin ƙofa ba ce? To shi na zuba."

Baba, ni da na girma a gindin kekenka ban ga wannan ba, sai ita.

Mun je mun karɓo yau. Ga hoton nan, shuɗiyar a baya, taka a gaba a ƙirjinta, ta ƙi yarda a ɗauka sai da ita. Yatsa biyu ne suka rage a baki.

Hutun makarantarsu na Maris ya faɗo a goman ƙarshe na azumi. Uzair ya fara cike mana takardun Umara. Ban ce baɗi ba wannan karon. In ka yafe mini, ka ce mu taho.

'Yarka mai laifi,
Saudat

*

Rusaifa, 10 ga Sha'aban

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na yafe, duniya da lahira. Wannan Zinariya ce ke rubutawa ina faɗa, biro ya fi ƙarfina yanzu.

Yatsa biyu, kin ji ko. Na gaya miki ban taɓa kuskure ba. Ki faɗa wa amaryata ta fi uwarta sanin sana'ar gidansu. Ƙawayenta kuma su yi haƙuri, tela ya rufe shago.

Ku taho. Ta zo da jakar, za ta buƙace ta a ƙofar Harami, ni zan riƙe mata hannu. In kun sauka a Jidda za ku same ni a wurin fitowa tare da Nuru. Fuska ba zan gane ba, ko taki. Ki sa ta rataya jakar a gaba kamar yadda ta yi a hoton, ki bar ta ta riga ki fitowa. Ja har yanzu ina ganinsa.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifinki,
Abdulwasi'u, telan Jarwal